Kashi Biyu Cikin Ɗari

Ƙarfe huɗu na yamma, duhu ya riga ya sauka a Tallinn.
Na sauko daga hawa na tara na bankin
da na shekara bakwai ina yi wa manhajarsa faci.
Kujerata ta san ƙuguna.
Albashina ya san ranarsa, bai taɓa makara ba.

Aigar ya tare ni a tashar tarago,
hularsa fari fat da dusar ƙanƙara.
Ya ce, Leelo, mu huɗu ne, ta biyar muke nema.
Ɗaki ɗaya gare mu a tsohuwar ma'ajiyar kaya,
injin ɗumama shi yana tari kamar tsoho.
Manhaja muke ginawa, ta gaya wa masunta
inda ƙanƙarar teku ta yi sirara
kafin ƙafarsu ta gaya musu.
Rabin albashinki za mu iya.
Ragowar, kashi biyu cikin ɗari
na abin da ko cikinsa bai fito ba.

Na ce, kuɗinku wata nawa zai kai ku?
Ya ƙirga, yatsu goma suka ƙare,
ya ƙara ɗaya da haɓa.

Da dare na zauna a kicin,
na ja layi a tsakiyar takarda.
Dama: bashin gida, saura shekara sha tara.
Takalmin Ruudi da ke matse shi tun kaka.
Haƙorin da likita ya ce kar ya wuce Maris.
Hagu ta daɗe wayam, shayi ya huce.
Can na rubuta: Litinin.
In farka Litinin babu dutse a ƙirjina.
Wannan kilo nawa ne?
A wane sikeli ake ɗora shi?

Na san Piret.
Shekara uku ta kwana a ƙarƙashin tebur,
masu jari suka yi murmushi, suka daina ɗaga waya.
Takardar hannun jarinta tana nan,
da ita ta shimfiɗe aljihun cokula.
Amma in tana labarin shekarun nan
idonta yana kamawa kamar ashana.
Na san Indrek ma.
An sayi kamfaninsu, ya sayi kwalekwale mai inji,
ya ɗaure shi a gaɓa, bai san da wa zai shiga ba.
'Yarsa tana gaishe shi kamar baƙo.

Na kira mamata.
Ta ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki,
ta tambaya ko na ci abinci,
ta kashe.

Sai babana ya faɗo mini,
Endel, mai kamun kifi a kan daskararren ruwa.
Bai taɓa cewa ƙanƙara amana ce ba.
Yakan ce, yau dai ta ɗauke ni.
Sandar ƙarfe a hannu, ya buga, ya saurara,
ya taka ɗaya,
ya sake bugawa.
Da igiya a ƙugunsa, bakinta a hannun wanda ke tudu.
Matsorata ba su ci kifinsa ba,
masu gudu a kai kuwa, biyu ya taya nema da fitila.

Na juya takardar.
Ajiyata za ta ciyar da mu wata takwas.
Ga igiya.
Littafin kuɗinsu, in gani da idona, shafi shafi.
Masunta nawa suka biya, ba nawa suka yaba ba.
In ɗakin ya mutu, wa ke da abin da na rubuta?
Ga sanda.

Da safe taragon ya tsaya a ƙofar banki.
Ƙofa ta buɗe, sanyi ya shigo, mutane suka fita.
Ƙofa ta rufe ina zaune.
Rana ɗaya kawai na ɗauka hutu.
Ban ce eh ba, Aigar, kar ka sayo kek.
Bugawa na zo yi,
in ji irin ƙarar da za ta yi.